Wanda Ya Shigo Ƙarshe

Ni duba-gari ne a lokacin, kuma ba wani ƙaunata ake yi ba. Aikina leƙa randunan mutane da masai da kwata, in na ga tsutsa in rubuta takarda. Mata na jin ƙarar babur ɗina sai su hau juye ruwa suna tsine mini ƙasa-ƙasa. Duk da haka, da aka zo zaɓen sakataren ƙungiyar ma'aikatan ƙaramar hukumarmu, ni aka tura gaba. Sun ce ina da baki, ina jin Turanci, kuma ba na jin nauyin kowa. Na ɗauka yabo ne, har na yi sabon ɗinki.

Zamanin mulkin farar hula ne na biyu. In ka je Kano ko Kaduna ka ce daga wajen Shagari kake, sai a ƙare maka kallo a ce ai ku kun warke, mulki a gidanku yake. Ba su san layin sabulu da madara muke bi a Bodinga tun hantsi ba, wani lokaci layin ya zo kanka a ce kaya sun ƙare. Gwamnati ta ce a tsuke bakin aljihu. Mu da aljihun namu dama ba komai a ciki, mun rasa abin da za mu tsuke.

Ƙungiya ta tura ni Kaduna kwas na mako biyu, a kan yadda ake zama da hukuma a ƙulla yarjejeniya. Na dawo da wani littafi mai shuɗin bango da kai mai girma. An koya mana kada mutum ya shiga ɗakin tattaunawa shi kaɗai. An ce in abu biyu kake so ka nemi biyar, don ka sami abin da za ka saki. An ce in shiru ya faɗo a tsakiyar zama ka daure, kada ka zama wanda zai fara magana. Abin da ya fi zauna mini shi ne na ƙarshe: kada ka yarda da bakin kowa, komai ya zama a rubuce. Matata ta ce tun da na dawo ko cefane ta tambaya sai na yi shiru in ga wa zai fara gajiya.

Ba a daɗe ba takarda ta zo daga sama. A rage masu aikin yini, wato leburorin da ba su da fansho, ana biyansu ne bisa kwanakin da suka yi. Kowane sashe an yanka masa adadin da zai sallama. Masu shara, masu gyaran hanya, masu gadi, masu haƙar rijiya, babu wanda aka tsallake.

Ragin kansa bai ba mu tsoro kamar yadda za a yi shi ba. Lokacin siyasa ne, zaɓe na tafe, kuma kowa ya san 'yan jam'iyya na yawo da sunaye a aljihu. Wanda aka gani a taron 'yan adawa, ko wanda surukinsa ya liƙa hoton da ba a so a ƙofar shago, shi za a fara nuna wa hanya. Wannan ne na ƙudura ba za a yi ba ina sakatare.

A nan sai na faɗi wani mutum, don labarin nasa ne fiye da nawa. Shi ne heluman masu haƙar rijiya, su tara ne a sashen har da shi. Baba muke ce masa, kowa da kowa, har waɗanda suka kusa sa'anninsa. Gajere ne, baƙi, mai faɗin ƙirji, ƙaramin yatsansa na hagu guntu ne, igiya ta datse shi tun yana saurayi. Rijiyar unguwarmu shi ya haƙa ta, da ruwanta mahaifiyata ta yi wankan jegona. Aikina yakan haɗa ni da shi, domin duk rijiyar da suka gama sai na je na duba kafin a buɗe wa jama'a. Ya kan zura fitila da igiya kafin ya bar kowa ya shiga rami, in ta mutu ya ce yau babu mai sauka, ko da injiniya zai yi ta tsalle a bakin ramin. A tsawon aikinsa rami bai taɓa cin mutum ba. Yana hango ni zai fara:

"Malam Duba-gari, an iso? Taho ka dibi rijiyata ko ta yi tsutsa, mu ma a rubuta muna takarda mu shiga sahun manya."

Yana da wata al'ada. In an zuba sumunti na ƙarshe a bakin rijiya, kafin ya bushe, sai ya yi bisimilla ya danna tafin hannunsa na hagu a gefe. Mai duba aiki kuma ya sa ƙusa ya rubuta shekara kusa da shi. Na ga wannan hannun sau ba adadi, ban taɓa tsayawa na yi tunaninsa ba.

Zama uku muka yi da hukuma, a ɗakin taro mai fanka ɗaya da ba ta juyawa. Ni da shugaban ƙungiya da wata ungozoma a gefe guda. A ɗaya gefen Ciyaman, wanda galibi carbi yake ja idonsa a lumshe, da Sakataren mulki. Sakataren nan dattijo ne, tsohon akawun En'e, hukumar gargajiya ta da, ya san kowane fayil kamar yadda ya san 'ya'yansa. Ba ya ɗaga murya. Zai ɓare goro ya miƙa maka rabi kana tsakiyar yi masa rashin kunya. Wannan ya fi komai ƙona mini rai, don ni mutum ne mai son a tanka mini.

Ranar farko na zube buƙatu biyar kamar yadda littafi ya ce. Na ce ba za a sallami ko mutum ɗaya ba, alhali na san wannan ba a hannunsu yake ba. Na nemi rancen babura, na nemi sababbin kayan aiki. Rana ta biyu na ambaci yajin aiki, na ce su yi tunanin kasuwar Bodinga kwana uku ba shara, da ɗakin haihuwa a rufe. Ciyaman ya buɗe ido a karon farko. Ungozoma ta taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur, don ba mu yi da ita za a rufe ɗakin haihuwa ba. Rana ta uku na fara sakin buƙatun ɗaya bayan ɗaya, ina nuna kamar jinina ake zuƙa, har aka zo kan biyun da nake so tun farko.

Na ɗaya: wanda ya shigo ƙarshe shi zai fara fita, kuma takardar ɗaukar aiki ce kaɗai shaida. Ba bakin Ciyaman ba, ba na kansila ba, ba na kowa ba. Na biyu: in an sami saɓani, a kira mai sasantawa daga Sakkwato, abin da ya yanke kowa ya bi.

Sakatare ya karanta, ya cire tabarau, ya dube ni.

"Malam, wagga ƙa'ida taka ta hwarko, ka dibi hwayilolin mutanenka kahin ka kawo ta?"

"Ranka shi daɗe, ƙa'ida ba ta kallon huska. Shi ya sa muke son ta."

"Ka zamna da su kun yi magana? Tsohhin ciki nike nuhi."

"Ni a bakinsu. Ni sunka zaɓa."

Ya yi shiru. Na ce a raina, ga shirun da aka faɗa mana a Kaduna, na kafe na ƙi cewa uffan. Can ya ɗauki biro ya ce, "To, Allah shi sa haka ya hi alheri," ya sa hannu. Na tabbata a lokacin cewa na kayar da shi.

Ranar an yi murna. Masu gadi suka ɗaga ni sama a harabar sakatariya har hulata ta faɗi. Wani direba ya sayo tsire. Da la'asar na ratsa kasuwa ba don ina da abin saye ba, sai don a gan ni. Gaskiya ƙa'idar ta yi aiki, wannan ba zan ƙi faɗa ba. Mutane da yawa da aka yi niyyar ci da siyasa sun tsira, kuma 'yan lelen da aka cusa kwanan nan su ne suka fara tattara komatsansu.

Bayan mako guda aka liƙa sunaye a allon sanarwa. Na je da rawar jiki in ga aikin hannuna. A sashen rijiya mutum uku za a sallama. Biyun farko samari ne da aka ɗauka bara, ba su ma iya ɗaure guga ba. Na uku Baba ne.

Na karanta sau uku. Daga nan na faɗa ofishin Sakatare ko sallama ban yi ba, ina cewa an yi mana zagon ƙasa, an murɗe yarjejeniya, mutumin da ya haƙa rijiya tun ban san kaina ba ta yaya zai zama sabon shiga. Ya bar ni na gama. Ya jawo fayil, da alama dama yana ajiye a gefen hannunsa yana jirana, ya buɗe ya juyo mini da shi. Takardar Baba ta fi ta kowa a tsofaffin sashen ƙuruciya, da damina biyu cur.

Sai ya ba ni labarin da kowa a sashen ya sani, ban da ni. A zamanin En'e ba a ba lebura takarda. Hakimi ko wakilin ayyuka ya ce ka fara gobe, shi ke nan ka zama ma'aikaci. Da aka rushe En'e aka kafa ƙananan hukumomi, sai aka aiko da fom a cike wa kowa. Aka ce a yi layi. Baba ya ce shi ba zai tsaya yana gogayyar kafaɗa da yaran da ya koya wa riƙon diga ba, ya koma gindin bishiyar bedi ya zauna, ya ce yara su fara. Fom ya zo ƙarewa, saura ɗaya. Akawu ya taso da kansa ya kai masa har inda yake zaune. A layin kuwa saura mutum ɗaya, wani ɗan garin Horo Birni da Baba ya raina a aikin, matarsa ba ta daɗe da haihuwa ba. Baba ya karɓi fom ɗin da hannu biyu, ya yi godiya, ya miƙa wa yaron. Aka ce wasu fom ɗin na zuwa wani mako. Sai da aka yi damina biyu kafin su zo.

"Ina nan ran nan, ga idona anka yi," in ji Sakatare. "Amma kai kac ce ba a karɓar bakin kowa. In na gyara wannan da bakina, gobe duk wanda anka sallama zai taho da nashi labari, 'yan jam'iyya ma su taho da nasu. Ƙohwar da kar ruhe ke nan."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Kunyar kuma ta koma fushi, don haka nake. Na ce ai akwai sharaɗi na biyu, za mu kira mai sasantawa. Ya ce haƙƙinmu ne. A daren ban ci tuwon kirki ba, da safe na buga takardar ƙorafi da sunan Baba na aika Sakkwato.

Abin da ban yi ba shi ne zuwa wurin Baba. Na kasa. Ran kasuwa na hango shi yana taya wani zaɓen igiya, na lafe bayan buhunan masu gero har ya wuce, ni da ake cewa ba na jin nauyin kowa. Sai ana gobe mai sasantawa zai zo na daure na je gidansa. Na same shi a zaure yana gyaran ƙotar diga. Ya yi mini shimfiɗa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, bai ambaci allo ba. Na ce masa na kai ƙara a madadinsa, gobe za a zauna, kuma ina da hujjar da ba mai iya ture ta. Ya daɗe yana kallon ƙotar.

"Ƙara kuma? To, Allah shi kai mu goben."

Na ɗauka godiya ce irin ta manya, wadda ba a yi da yawan magana.

Mai sasantawa wani siriri ne mai tabarau, ya zo da gorar ruwansa da 'yar ledar dabino. Bai ci abincin hukuma ba, bai sha lemon da ƙungiya ta saya ba, kuma ya gaishe ni da Sakatare da kalmomi iri ɗaya kamar ya auna su. Ya saurari kowa da safe. Na yi jawabi mai tsawo ina sukar ƙa'idar da ni na kawo ta, Sakatare na ɓare goronsa. Da na gama, mai sasantawa ya ce ya ji, kuma zuciyarsa ta karkata, amma yarjejeniya ta hana shi karɓar shaidar baki. In akwai wani abu rubutacce da hukuma ta yi da hannunta, wanda ya girmi wannan fom, zai duba. Na ce akwai, sai dai ba ya ɗaukuwa, sai an je inda yake.

Muka shiga Landiroba mu shida har da direba: shi, Sakatare, ni, Baba, da ɗan Horo Birnin nan, wanda yanzu shi ne mataimakin Baba, magidanci mai furfura ɗaya-ɗaya a gemu. Ni na ce ya zo, don ya san inda tsofaffin rijiyoyin suke. Muka fara tsayawa a wata rijiya kusa da Danchadi, amma sumuntin bakinta ya farfashe, shekarar ta tafi. Muka juya muka ɗauki hanyar Shagari, muka saki kwalta, muka bi ta cikin gonaki da aka riga aka girbe, har wani ƙauye da Baba ya ce nan ne aikinsa na uku a duniya.

Mata na ɗiban ruwa, suka ja gefe da tulunansu suna kallonmu. Bakin rijiyar ya sha laka da kashin shanu. Kafin kowa ya ce wani abu, mataimakin ya karɓi guga a hannun wata tsohuwa, ya jawo ruwa, ya durƙusa ya hau wanke gefen gabas da tafin hannunsa. Ya sake jawowa ya sake wankewa, har da sa farce yana ƙwaƙule lakar da ta shige cikin rubutu. Sai ga shi ya fito sarai: tafin hannun hagu, yatsu huɗu da guntu. A gefensa shekara da ƙusa, da alamar En'e. Mai sasantawa ya tsuguna ya goge tabarau ya duba. Shekarar ta tun Turawa ba su tafi ba ce.

Na ji daɗi har cikin raina. Na dubi Sakatare in ga yadda fuskarsa za ta yi, sai na ga ba ni yake kallo ba.

"Baba," in ji mai sasantawa, "in ba damuwa, ɗora hannunka mu gani."

Baba bai matsa ba. Hannayensa na baya.

"Ranka shi daɗe, hannuna na, ba ni musun shi. Amma ina da tambaya, in an yarda. In anka maishe ni, mutum biyu za a sallama, ko dai ukun na nan?"

"Ukun na nan, Baba. Adadin daga sama yake, ba ni da iko da shi."

"To wa a na ukun?"

Mai sasantawa ya juyo gare ni, don jerin sunayen sashen a hannuna yake. Wallahi har wannan lokacin ban taɓa duba sunan da ke saman na Baba ba. Kwana goma ina yawo da takardar a aljihu, ina haddace jawabi, ban ɗaga idona layi ɗaya ba. Na duba. Wanda ya karɓi fom na ƙarshe a layi shi ke biye. Yana durƙushe a gabana, hannunsa duk laka, gugar na gefensa.

Ya sani. Tun ranar da na aika ƙara ya sani, duk sashen sun sani. Da saninsa ya kawo mu wannan tsohuwar rijiya, da saninsa ya wanke sumuntin har rubutun ya fito.

"Baba, sa hannunka," ya ce, bai ɗago ba. "Haƙƙinka na. Ni na ci shekarun da ba nawa ba, sun isa."

"Kai, yi mini shiru. Wa yat tambaye ka?"

Baba ya juya ga mai sasantawa, murya a kwance kamar yana bayanin zurfin rami.

"Ranka shi daɗe, takardar nan ni nib ba shi da hannuna, babu wanda yat tilasta ni. Abin da nib bayar gaban mutane ba ni zuwa in amshe shi gaban mutane. Ɗiyanai ƙanana na, babbansu bai kai noma ba. Nawa sun yi gemu. Kuma gwiwata ta hwara ba ni labari in na sauka rami, ban dai gaya ma kowa ba. Ku bar shi ga aikinai."

Sannan ya dube ni. Babu faɗa a idonsa, da ma faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi.

"Malam Duba-gari, da ka taho ka tambaye ni tun hwarko, da na hutasshe ka ƙona man mota."

Sau biyu ke nan. Na ƙulla ƙa'ida a kansa ban tambaye shi ba, na kai ƙara da sunansa ban tambaye shi ba. Ni da nake bugun ƙirji ina cewa ni ne bakinsu. Raina ya ɓaci, da kaina nake fushi amma muryata ta fito da zafi, na ce, "To Baba, mi kake so a yi maka? Haka za ka tahi hannu wohi bayan duk wannan?"

Ya ce:

"Abu guda ad damuwata. An liƙa ga allo an ce ni sabon shiga na. Jikokina na makarantar boko, sun biya sun karanta. Ƙaramar ta ishe ni gida ta ce, Baba, ashe kai baƙo na ga aikin? Wannan ɗai ya hana ni kwana. Hita kam kowa zai hita. Amma a rubuta daidai."

Mai sasantawa ya cire tabarau ya daɗe yana goge su, fiye da yadda suke buƙata. Ya ce in za a rubuta daidai, sai an ga hannun. Baba ya tako, ya naɗe hannun riga, ya yi bisimilla ya ɗora. Yatsun sun yi kauri sun kuma ɗan lanƙwashe da shekaru, amma kowane ya sami gurbinsa, guntun ma ya tsaya daidai inda ya tsaya. Matan da ke gefe suka hau salati. Tsohuwar da aka karɓi gugarta ta ce ita tun tana amarya take taka wurin nan, ba ta taɓa sanin mai hannun yana raye ba.

A kan bonet ɗin mota aka rubuta hukunci. Mai sasantawa ya rubuta cewa ya tabbata Baba ne ya fara shiga aikin rijiya a duk sashen, ba shi ne ya cancanci sallama ba, amma ya zaɓi ya ajiye aiki da kansa don a bar na bayansa. Ya ƙara da cewa a yi masa sallama irin ta wanda ya daɗe, ba irin ta sabon shiga ba. Ya tambayi Sakatare ko hukuma na da ja. Sakatare ya ce babu, ya sa hannu, ya miƙo mini biro. Na sa nawa. A hanyar dawowa ya ɓare goro ya ba ni rabi, na karɓa na ci.

Washegari ni da kaina na cire tsohuwar takardar daga allo na liƙa sabuwa. Da hantsi Baba ya zo da jikarsa, 'yar siririya mai kayan makaranta. Ya ce in karanta, in kuma fassara. Na karanta duka. Ya ce in maimaita wurin da aka ce shi ya fara shiga. Na maimaita. Ya dubi yarinyar ya ce, "Kin jiya?" Ta ce ta ji. Na ba shi kwafi, ya ninke shi huɗu ya sa cikin hula, ya kama hannunta suka tafi.

Ya koma fadamar Danchadi yana haƙa wa masu albasa 'yan gajerun rijiyoyi da rani, abin da ya samu ya ci. Ba zan ce ya ji daɗi ba, shekarun sun yi tsanani, ruwan sama ma ya yi ƙaranci, ga tsufa. Ba a daɗe ba soja suka karɓi mulki, zaman tattaunawa ya zama tarihi na ɗan lokaci. Ni kuma na ci gaba da sakatarci, na yi zama da hukuma da yawa bayan wannan, wasu na ci wasu na sha ƙasa. Sai dai ban ƙara shiga ɗakin taro ba sai na bi sashe-sashe na zauna a ƙasa da tsofaffi, na karanta musu abin da zan nema, na yi shiru na saurara. Littafin Kaduna bai faɗi wannan ba, ko kuwa ya faɗa ni ne ban kai shafin ba.

Mataimakin ya zama heluma. Wajen shekara biyu bayan haka suka gama wata sabuwar rijiya a gefen Horo Birni, aka aiko in je in duba kafin a buɗe. Na isa da azahar, ma'aikata sun tafi salla, ba kowa sai wani keke a jingine da icce. Na leƙa ramin, na ɗebi ruwan na duba, na zagaya bakin ina taɓa sumuntin, bai gama bushewa ba. A gefen gabas na ga shekarar bana da ƙusa. Kusa da ita tafin hannun hagu ne, yatsu huɗu da guntu.

Daga baya na ji cewa duk rijiyar da suka gama, heluma ba ya barin a tashi sai ya hau keke ya je har Danchadi ya goyo tsohon. Shi bai taɓa sa nasa hannun ba.

A fom ɗin da nake cikewa akwai layin da ke tambaya ko wani wanda ba ma'aikaci ba ya taɓa aikin. Na daɗe tsaye da biro a hannu, rana na dukana. Sannan na rubuta babu, na sa hannu.